Motar da Ke Warkewa a Bakin Gareji

A cikin lalurorin tsohuwar mota, babu mai cin kuɗi da haƙuri kamar wadda ke zuwa tana tafiya. Motar da ta mutu murus tana sauƙaƙa wa bakanike aiki, domin abin da ya lalace yana nan yana jiran a gano shi. Amma wadda ta tashi lafiya da safe, ta ƙi tashi bayan Azahar, sannan ta tashi da murɗa ɗaya a bakin gareji, takan mayar da mai ita kamar maƙaryaci. "Yallaɓai, ai ga ta nan lafiya lau," in ji mai gyara, alhali jiya almajirai huɗu ne suka tura ta.

Abin da ke biyo baya sananne ne. A sayi sabon batir, mota ta yi mako biyu ƙalau, ciwon ya dawo. A canza kik. A zargi altaneta. Kowane canji kan kawo sauƙi na ɗan lokaci, kuma akwai dalili: duk wanda ya cire kaya ya mayar da sabo, ya kwance wayoyi ya sake ɗaure su. Sau da yawa wannan ɗaurin ne ya yi maganin, sabon kayan ya karɓi yabo. Lalurar lantarki mai zuwa da tafiya ta fi zama a mahaɗar wayoyi fiye da cikin kayan da wayoyin suka haɗa.

Lissafin da ke bayan wannan tsoho ne. A 1827 Bajamushen nan Georg Ohm ya wallafa ƙa'idar da ke cewa ƙarfin da ke zubewa a hanya daidai yake da yawan lantarkin da ke gudu idan aka ninka shi da turjiyar hanyar. Ƙwan fitilar gaba mai wat 55 yana jan ƙasa da amfiya 5. Kik na ƙaramar motar fetur kuwa yakan ja amfiya 150 ko fiye. Idan tsatsa ta sa turjiyar om 0.02 a kan batir, ƙwan zai yi asarar bolt 0.1 kacal, wanda ido ba ya gani. Kik zai yi asarar bolt 3 cikin 12, ya kasa juya inji. Shi ya sa rediyo na magana, fitila na haske, amma makulli ba ya samar da komai sai ƙas-ƙas.

Zuwa da tafiyar ciwon ma tana da tushe. Ƙarfe yana buɗewa da zafi, yana tsukewa da sanyi. Ramukan titi suna girgiza noti. Danshin damina yana shiga inda ƙurar hunturu ta kwanta. Mahaɗar da ta kama da safe tana iya saki da rana. Sannan mota tana mayar da lantarki zuwa batir ta jikinta ne da na injinta, ta hanyar wata kakkaurar waya da ba a cika dubawa ba. Motocin Kwatano da yawa sun yi shekaru a ƙasashen da ake barbaɗa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kuma gishiri yana cin irin wannan waya daga cikin rigarta, ta yi kore alhali bayanta na sheƙi.

Saboda haka shaidar da ta fi daraja tana hannun mai mota, domin shi ne ke wurin a lokacin da ciwon ya motsa. Ya kunna fitilun gaba, ya murɗa makulli, wani ya duba masa. Idan hasken ya dusashe sosai ko ya ɗauke, zargi ya fi karkata ga batir ko kawunansa. Idan hasken bai ko motsa ba kuma babu wani sauti, umarnin ne bai isa ga kik ba, sai a bi hanyar makulli; a mota mai canza giya da kanta, a gwada tayarwa a N maimakon P. Idan ya taɓa kan batir bayan murɗawa ya ji ɗumi, ya kama ɓarawo da kaya a hannu, domin turjiya zafi take haifarwa. Ya kuma rubuta yanayin: inji da zafi ko da sanyi, bayan ruwan sama, ko bayan kwana biyu a ajiye. Wannan na ƙarshe yana nuni ga wani abu da ke tsotsar batir cikin dare, kamar rediyo ko na'urar tsaro da aka jona da garaje.

Sauran aikin na mita ne. Batir mai cikakken caji, bayan ya huta, yana nuna kimanin bolt 12.6, idan 12.2 ya nuna, rabin cajinsa ya tafi. Yayin da kik ke juyawa bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Idan inji na aiki, altaneta mai lafiya tana kai shi wajen 14. Gwajin da ya fi tona asiri shi ne a ɗora bakin mita ɗaya a kan dalmar batir, ɗayan a ƙarshen wayar a jikin kik, a murɗa makulli. Duk abin da ya haura rabin bolt asara ce a hanya. Haka za a yi tsakanin ɗaya kan batir ɗin da jikin inji. Dole a yi gwajin a lokacin da ake murɗawa, domin wayar da silinta biyu suka rage tana nuna lafiya matuƙar ba a ɗora mata kaya ba.

Akwai al'adun gareji da suka cancanci a yi hattara da su. Cire kan batir inji na aiki don gwada altaneta dabara ce ta zamanin da motoci ba su da kwamfuta. A motar da ke da ita, tsallen lantarkin da ke biyo baya na iya ƙona ta. Ƙwanƙwasa kik da sifana kuwa, idan ya sa mota ta tashi, bayani ne mai amfani: gawayin cikinsa ya cinye ko maɓallinsa na maƙalewa. A ɗauke shi a matsayin shaida, a kai kik ɗin gyara, kada a mayar da sifana makulli na biyu.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan takan kasance noti ɗaya ne da ya saki. Motar da ke ƙi sau ɗaya a mako ba ta zaɓar rana. Tana iya ƙi a daren da naƙuda ta kama uwargida. Kafin mai mota ya zaro kuɗin sabon kaya, yana da haƙƙin yi wa mai gyara tambaya ɗaya cikin mutunci: "Malam, nawa mita ta nuna lokacin da ka murɗa?" Ƙwararre zai ba da lamba. Wanda ya ce "mu dai canza mu gani" yana neman yin gwaji ne da aljihun wani.