Waya Mai Kai Biyu Ba Abin Wasa Ba Ce

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in faɗa wa 'yan'uwa abin da ya same ni, don kada ya sami wani.

Ni akawu ne, ina zaune a Kakau, kudu da Kogin Kaduna, bakin hanyar Abuja. A bayan gidana akwai ɗan ɗaki inda nakan yi rubutu da dare, yara kuma su yi bitar karatu. Wutarsa daga babban gida aka jawo ta. Da yawan ɗaukewar wuta ya ishe ni, sai na sayi batir mai bolt 12, da na'urar nan da ake kira inbata, wadda ke juya wutar batir ta zama bolt 230 irin ta gari.

Maimakon in nemi gwani, rowa ta hana ni. Wani yaro ya ce in sami waya in sa mata filogi a kowane kai, ɗaya a inbata, ɗaya a soket na bango, in riƙa kashe babban makunnin gida tukuna. Na yi haka, fitila ta kama, na yi ta murna. Ashe araha ba ta ado.

Ran nan da magariba 'yata ƙarama ta yi tuntuɓe da wayar. Filogin ya zare daga bango ya faɗi gabanta, haƙoransa tsirara, ga wuta a jikinsu. Allah ya sa uwarta na kusa, ta fizge ta kafin ta kai hannu.

Kashegari na kira wani dattijo mai aikin wuta. Ya duba, ya girgiza kai, ya ce, "Malam, ba 'yarka kaɗai ka kusa kashewa ba. Ranar da ka manta da makunnin nan fa?" Ya ce wuta ba ta san gaba da baya ba, za ta bi waya ta fita har kan falwaya. Taransifomar da ke rage bolt 11,000 zuwa na gida, in an ba ta wuta ta baya, ɗaga ta za ta yi. Ma'aikacin da ya hau gyara, yana zaton layin a kashe yake, sai ya gamu da ajalinsa. In kuwa aka kawo wutar gari ta iske ta inbata a hanya, inbata ta ƙone, watakila har da ɗakin.

Ga yadda ya gyara. Ya kafa makunnin canji, wanda ake kira canjoba: a ɗaga shi sama, wutar gari, a sauke shi ƙasa, ta inbata, ba yadda za a yi su haɗu, ko mutum ya manta. Ya sa fis dab da batir, da waya gajera mai kauri, gama wat 1,000 daga batir mai bolt 12 yana jan fiye da amfiya 80, siririyar waya kuwa narkewa za ta yi. Ya kafa ƙarfe cikin ƙasa ya ɗaura masa wayar tsaro. Batirin kuma ya mai da shi kusa da taga, don iskar da yake fitarwa lokacin caji tana kama wuta. Ya kuma hana ni sa dutsen guga da hita, ya ce fanka da fitilu sun isa.

Kuɗin aikin duka bai kai rabin kuɗin batirin ba. To, jama'a, ku dubi abin da na so in saya da ran 'yata!

Ina roƙon malaman makaranta su faɗakar da almajiransu, limamai da fastoci kuma su faɗa wa mabiyansu. Duk wanda ke da irin wannan waya a gidansa, ya yanke ta yau. Rigakafi ya fi magani.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Kakau.