Malamin da Fim Ya Mayar Abokin Wasa

Ina aji biyu na sakandare na karanta littafin The Jungle Book na Rudyard Kipling, wanda aka fara bugawa a 1894. Fim ɗin zane da kamfanin Disney ya fitar a 1967 kuwa ban gan shi ba sai da na zama uba, ranar da 'yata ta ja ni gaban talabijin. Ita tana ta ƙyaƙyata dariya, ni kuwa ina neman wani malami da na sani, ban same shi ba.

Malamin nan shi ne Balu, tsohon beyar. A littafi, shi ke koya wa 'ya'yan kyarketai dokar daji, kuma da yake Mogli ɗan mutum ne da ya tashi a cikinsu, sai ya ninka masa karatu. Ya sa shi haddace kalmomin neman mafaka cikin harshen tsuntsaye da na macizai da na mafarauta. In yaron ya yi shiririta, ya ɗan make shi, har Bagira, baƙar damisa, ya riƙa yi masa ƙorafi. Amfanin karatun bai bayyana ba sai ranar da birai suka sace Mogli. Suna tsalle da shi bisa itatuwa ya hango shirwa, ya yi mata magana da harshenta, ita ce ta kai labarin inda aka nufa da shi. Da suka jefa shi cikin wani kango mai cike da gamsheƙa, kalmar da ya haddace ce ta hana a sare shi.

A fim babu ko ɗaya daga cikin wannan karatun. Balu ya zama malalaci mai waƙa da rawa, wanda darasinsa bai wuce a ci a sha a huta ba. Ka, mesar da ta ceci Mogli daga hannun birai a littafi, an mayar da ita maƙiyiya mai neman haɗiye shi. An kuma ƙirƙiro wani sarkin birai, Luwi, alhali Kipling ya nuna cewa birai ba su da shugaba.

Ba na cewa fim ɗin bai yi kyau ba. Waƙoƙinsa na da daɗi, ni ma na kama kaina ina kaɗa ƙafa. Sannan littafin da ke ɗauke da labarai bakwai, uku kaɗai na Mogli, ba zai shiga fim ɗaya ba sai an datse.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙarshen. A fim, Mogli ya hango wata yarinya tana ɗiban ruwa, ya bi ta ƙauye cikin murna. A littafi kuwa, ya zauna da mutane yana kiwo, ya kora garke ta kwazazzabo suka tattake abokin gabarsa Sher Khan, ya feɗe shi. Tukuicin da ya samu shi ne jifa, mutanen ƙauyen suka ce maye ne. Kyarketai sun riga sun juya masa baya, ga mutane sun kore shi.

Da daddare na karanta wa 'yata wannan babin, ina fassara mata. Ta yi shiru, can ta ce, "Baba, to shi yanzu ɗan ina ne?" Na ce ta bari sai gobe mu ci gaba.