Sauke Inji Sau Biyu A Wata Guda

A cikin dukan maganganun da bakanike ya kan faɗa wa mai mota, babu wadda ta kai "sai an sauke inji" nauyi. Ga mai hali, ɓacin rai ne na kwana biyu. Ga direban da motar ita ce gonarsa, ita ce kuma rumbunsa, magana ce ta bashi, da adashi, da kuɗin makarantar yara. Amma akwai abin da ya fi wannan ciwo, watau a sauke inji, a kashe kuɗi, a ɗaura shi, sa'an nan kafin wata ya zagayo a ce sai an sake saukewa. Wannan ya faru a gidanmu, kuma tushen abin wani sandan ƙarfe ne mai tsawon kamar kamu guda, wanda kanikawa su ke kira kamshaf, tare da 'yan ƙarafa takwas da su ke hawa a kansa, watau tafet.

Wana yana da akori-kura Peugeot 504, da ita ya ke ɗaukar albasa da tattasai daga kasuwar Mile 12 zuwa ƙananan kasuwanni a nan Ikko. Masu karatu sun san wannan mota. A Kaduna aka riƙa harhaɗa motocin Peugeot tun daga 1975, kuma 504 ta daɗe tana fitowa daga can bayan an daina yin ta a Faransa. Ko da ya ke ta tsufa, har yanzu tana ci da gidaje da yawa. Da injin tasa ya fara hayaƙi yana shan mai fiye da kima, sai ya kwashi adashinsa, ya haɗa da rance, ya kai ta gareji. Aka sa sababbin ringi, da metal, da gaskit, har da sabon kamshaf. Kwana tara bayan fitowarta, sai aka fara jin wani ƙas-ƙas-ƙas daga saman inji. Ya mayar da ita, aka ɗaure tafet, ƙarar ta lafa. Bayan kwana biyu ta dawo, ta fi ta dā. Aka sake ɗaurewa, ta sake dawowa, mota kuwa ta fara kasa hawa gada da kaya.

Kafin in ci gaba, ya kamata in bayyana wa wanda bai taɓa leƙa cikin inji ba aikin waɗannan ƙarafa. Inji yana numfashi ne ta wasu ƙofofi da a ke kira bawul: ɗaya ta shigar da iska da fetur, ɗaya ta fitar da hayaƙi. Injin 504 yana da silinda 4, saboda haka bawul ɗinsa 8 ne. Kamshaf shi ne mai buɗe su. A jikinsa akwai tozaye, kowace bawul da tozonta. Idan ya juya, tozo ya tura tafet, tafet ya tura wani siririn sanda, sandan ya ɗaga roka, roka ta danne bawul ta buɗe, sa'an nan sifirin ya mayar da ita. Kamshaf yana yin rabin gudun karanshaf. Watau idan inji yana juyi 3,000 a minti guda, kamshaf yana yin 1,500, kowane tozo kuwa yana bugun tafet ɗinsa sau 25 a cikin daƙiƙa ɗaya. Wurin da su ke haɗuwa ɗan ƙanƙane ne, nauyin da ke kansa kuwa mai yawa ne ƙwarai. Abin da ke tsakaninsu kawai shi ne ɗan shafen baƙin mai.

Ranar Asabar da ba ni da aiki a ofis na raka Yaya wurin wani dattijon bakanike, Bayarabe wanda ya yi shekaru yana aiki a Kano, Hausa kuwa a bakinsa kamar jakin Kano. Yaya ya ce masa, "Baba, so na ke a canja abin da ya lalace kurum, in koma bakin aiki." Dattijo ya ce, "Malam, canjawa ba wuya. Amma in ban san abin da ya cinye na farko ba, shi zai cinye na biyu." Ni da aikina ya ke tambayar mutane, ranar nan na ga yadda a ke yi wa ƙarfe tambaya.

Da farko ya buɗe murfin saman inji, ya sa yaronsa ya riƙa juya injin da sifana a hankali, shi kuwa yana kallon rokoki takwas suna sunkuyawa suna tashi. Shida suna yin cikakken ruku'u. Biyu kuwa ɗan gyaɗa kai kurum su ke yi. Ya ce wannan shi ne dalilin da ɗaure tafet bai yi magani ba. Ratar da a ke bari tsakanin roka da bawul ba ta kai rabin milimita ba, kuma idan an daidaita ta, ta kan daɗe a haka. Ratar da ke ƙara faɗi bayan kowane kwana biyu tana nuna cewa akwai ƙarfen da ke ƙarewa a ƙasa.

Na biyu, ya juye baƙin man a cikin wani tsabtataccen kwano, ya fita da shi rana. Sai ga shi yana walƙiya kamar an barbaɗa masa kwalli. Ya tsoma mayen ƙarfe, ya fito da baƙin gari manne a jikinsa. Ya yanka filta, ya warware takardar ciki, nan ma ga garin ƙarfe. A nan ne ya gaya wa Yaya maganar da ba ya so ya ji: garin nan ya riga ya zaga duk inda mai ya ke zuwa, har cikin sababbin metal, saboda haka dole a sake sauke injin a wanke shi sarai.

Na uku, da aka zare kamshaf da tafet, bai yarda a zuba su wuri ɗaya ba. Ya jera su a kan kwali, kowane tafet a gaban tozonsa. Tozaye biyu sun suɗe, sun kusa zama kewaye. Ya ɗauki tafet ɗin da ke gabansu ya miƙa mini, ya ce, "Ɗan jarida, shafa ka ji." Fuskarsu ta lotsa kamar cokali. Sai ya ɗauko sababbi guda biyu daga akwatinsa, ya haɗa fuskokinsu, na ga suna ɗan lilo, ba su kwanta daram ba. Ashe fuskar tafet mai lafiya tana da ɗan tudu wanda ido ba ya gani, tozon kamshaf kuma an ɗan karkata shi. Wannan ne ke sa tafet ya riƙa juyawa a raminsa yayin da ya ke hawa da sauka, don kada a yi ta cin wuri ɗaya. Ranar da ya daina juyawa, ranar ya fara mutuwa. Tozon kuma fatarsa ta waje ce kaɗai mai tauri sosai. Da zarar ta huje, na cikin ya kan tafi da sauri.

Sa'an nan ya juya ga Yaya da tambayoyi. Shin an sayi sababbin tafet tare da kamshaf? A'a, wancan bakanike ya ce tsofaffin suna da sauran ƙarfi, Yaya kuwa ya yi murna da ragin kuɗi. Yaya aka tayar da injin ranar farko? Batir ya yi sanyi, an daɗe ana murza makulli kafin ya kama. Da ya kama fa? An bar shi a silo wajen sa'a guda, wai don ya saba a hankali. Wane mai aka zuba? Na awo ne daga durom marar suna. Dattijo ya kaɗa kai, ya ce ko ɗaya daga cikin huɗun nan yana iya kashe kamshaf, balle an haɗa su duka.

Ga bayanin. Tsohon tafet ya riga ya saba da tsohon tozo, fuskarsa ta ɗauki siffarsa, don haka ba zai zauna daidai a kan sabo ba. Doguwar murza makulli tana share giris ɗin da aka shafa wa tozaye kafin mai ya iso. Silo kuwa, wanda mutane su ke zato tausayi ne ga sabon inji, shi ne mafi cuta, gama a irin wannan inji tozaye sun dogara ƙwarai da man da karanshaf ke fantsama musu, a silo kuwa fantsamar kaɗan ce. Abin da masu ƙera kamshaf su ke umurta shi ne, da zarar inji ya kama, a ɗaga shi zuwa juyi 2,000 ko 2,500 a minti, a riƙe shi a nan ana ɗan ragewa ana ƙarawa har minti 20 zuwa 30. A wannan rabin sa'a ne tozo da tafet su ke goge juna su daidaita, ko kuwa su fara cin juna.

Batun mai yana da wani tarko kuma, wanda mai tsada ma ke faɗawa. A cikin baƙin mai akwai wani sinadari mai ɗauke da zinki da fosfaras, wanda ke yi wa ƙarfe riga a inda gugar ta yi tsanani. Amma fosfaras yana lalata matatar hayaƙi da ke cikin salansar motocin zamani. Saboda haka tun daga 2004, ma'aunin Amurka mai suna API SM ya ƙayyade shi a cikin mai marar kauri, irin su 5W-30 da 10W-30, kada ya wuce kashi 0.08 cikin ɗari. Motocin da aka ƙera domin wannan mai, da yawansu tafet ɗinsu mai ɗan taya ne da ke gangarawa a kan tozo, ba su damu ba. Tsohon inji mai shimfiɗaɗɗen tafet kuwa yana bukatar sinadarin nan, musamman a kwanakinsa na farko. Haka nan wanda ya zuba mai kauri a sabuwar mota da aka ce a sa mata marar kauri, shi ma ya cuce ta. Kowane inji da abincinsa.

Kada masu motocin zamani su ce wannan labarin tsofaffin motoci ne. A yawancinsu kamshaf yana can saman inji, inda mai ke isa a ƙarshe ta 'yan ƙananan hanyoyi. Waɗansu kuma tafet ɗinsu da mai ya ke cika ya daidaita kansa, ɗan datti kaɗan ya isa ya sa shi ƙara. Dattijon ya ce sau da yawa ya kan tarar da gam ɗin da aka lafta wa gaskit ya ɓalle ya toshe rariyar famfon mai, kamshaf ya bushe ya ƙone.

A gyara na biyu an wanke gangar injin, an bi kowace hanyar mai da siririn buroshi, an duba famfon mai da ƙarfin sifirin ɗin bawul, an canja metal. An sa sabon kamshaf da sababbin tafet takwas, an shafe su da giris na musamman. An cika batir, an daidaita wuta, an cika kafireto da fetur tun kafin a taɓa makulli. Murza ɗaya ya kama. Dattijo ya tsaya da agogo a hannu, ido ɗaya a kan zafin lagireto, ɗaya a kan sandunan nan takwas, sai da ya tabbata kowanne yana juyawa. Bayan rabin sa'a aka zubar da man aka canja filta, aka kuma sake yin haka bayan kilomita 800, tare da duba ratar bawul. Mota ta koma bakin aiki. Amma Yaya ya yi mako uku ba ya fita, waɗansu daga cikin masu ba shi kaya sun koma wurin wani, rancen kuwa ya ninka. Kuɗin tafet takwas da aka yi tsimi bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan asara ba.

Ba na so a ɗora laifin duka a kan kanikawa. Mu masu mota mu ne ke tsaye a kansu muna cewa a rage kuɗi, a gama kafin Juma'a, su kuwa suna tsoron kada mu tafi wurin wani. Alhali kuwa Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, sun kuma ce araha ba ta ado. Shawarata ga duk wanda za a sauke wa inji ita ce ya yi tambaya uku. Shin an gano abin da ya kashe ƙarfen da za a canja? Shin kamshaf da tafet tare za a saya? Yaya za a tayar da injin ranar farko, da wane mai kuma? Bakaniken kirki ba zai ji haushin waɗannan ba. Ina kuma roƙon ƙungiyoyin kanikawa da makarantun koyon sana'a su sa yaran da ke hannunsu su koyi karanta lalataccen ƙarfe kafin su jefa shi a bola, gama amsar tana rubuce a fuskarsa. Allah ya tsare mana hanyoyin abincinmu, amin.