Rabon Yini Guda

Duk wanda ya tashi a ƙasar Arewa ta Nijar ya san abincinmu a sama yake kafin ya sauko ƙasa. Daga Matankari zuwa Dogon Dutsi, daga Kore Mairuwa zuwa Tibiri da Gecheme, wata uku ko huɗu na damina su ne ke yanke abin da gida zai ci har shekara ta zagayo. Gonakinmu jigawa ne, hatsi da wake muka fi shukawa, in ban da masu lambu a kwarin Dallol Mawri inda ruwa ke kusa. Manomin irin wannan ƙasa ba sai an yi masa wa'azi ba kafin ya san akwai wanda ya fi ƙarfinsa. Abin da ke da wuya shi ne ya kwana ya tashi da wannan sani, fargaba ba ta cinye masa zuciya ba. Ni Kirista ne, manomi, mai ɗan awon hatsi a kasuwa, furfura kuma ta riga ta kama ni. Babban abin da zama a wannan ƙasa ya koya mini shi ne, dogara ga Allah aikin kullum ne, kowace safiya sai an sake ɗaukarsa.

Babana ɗan gidan azna ne. Kakanninsa suna kai gaisuwa Lugu, garin Sarauniya, inda Sarauniya Mangu ta tsaya wa sojojin Faransa a 1899, suna kuma girmama Baura na Bagaji. A zamaninsu ba a zuba iri a ƙasa sai an cika abin da al'ada ta ce. 'Yan mishan na SIM, waɗanda suka fara zama a Damagaram a 1924, suka buɗe asibitin Galmi a 1950, mu ma sun iso mu, sun zauna a Dogon Dutsi da Gecheme. A wurinsu Baba ya koyi karatun Hausa da boko, ya karɓi Yesu Almasihu, ya sami Littafi Mai Tsarki, wanda tun 1932 aka fitar da shi dukansa da Hausa. Wasu dangi sun juya masa baya, amma bai taɓa zaginsu a gabanmu ba, bai kuma daina zuwa suna da jana'izarsu ba.

Gadon da ya bar mini, wanda ya fi gona daraja, shi ne karatun asuba. In maƙwabtanmu Musulmi sun kira salla, shi ma sai ya tashe mu, ya kunna fitila, ya karanta ayoyi kaɗan, ya tambaye mu abin da muka ji, a yi addu'a, kowa ya kama aikinsa. Ba ya tsawaitawa. Wata rana na ce masa, "Baba, me ya sa ba za mu karanta da yawa ran Lahadi ba, mu huta sauran kwanaki?" Sai ya ce, "Yaro, ba a cin tuwon shekara a dare ɗaya. Maganar Allah ma haka take." A lokacin na ɗauka zancen manya ne kawai. Yunwa ce ta fassara mini shi.

A 1984 ruwa ya ɗauke, hatsi ya bushe tun bai fid da kai ba. A shekarar ce kuma aka rufe iyakar Najeriya, hanyar da mutanenmu suka saba bi su je biɗa in gida ya yi zafi. Ina saurayi, ina kallon Inna tana jiƙa anza kwana da kwanaki, tana sauya ruwa don ɗacin ya fita, sannan ta dafa mana. A cikin ɗakin Baba kuwa akwai zangarniyar hatsi da ya zaɓa tun bara, ya ɗaure ya rataye, irin shuka ke nan. Ƙannena suna kuka, hatsi yana rataye a samanmu. Na ce, "Baba, a sussuka ko kaɗan mana, a dama wa yara." Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce, "Wannan na damina mai zuwa ne. In muka ci shi, mun ce wa Allah ba zai sake ba da ruwa ba." Washegari da asuba ya buɗe sura ta 3 ta littafin annabi Habakuk, inda annabin ya lissafa itatuwan da suka ƙi 'ya'ya da gonakin da suka ƙi amfani da garken da ya watse, duk da haka ya ƙudura zai yi murna da Allahnsa. Baba ya karanta, muryarsa tana rawa. Bayan addu'a ya ɗauki gatari ya tafi saran itacen da zai sayar ya auno mana tiya ɗaya.

Ban manta da jerin abubuwan nan uku ba: ya ajiye iri, ya yi addu'a, ya fita nema. Da bazara ta yi, muka yi binne, muka zuba irin cikin busasshiyar ƙasa tun hadari bai haɗu ba. Daminar 1985 ta yi kyau, aka ɗaure damma, rumbu ya sake ganin hatsi. Amma da ruwan bai zo ba ma, abin da Baba ya yi daidai ne, domin ya yi shi ne bisa sanin halin Allah, tun bai san abin da shekara za ta haifa ba.

Da na girma na riƙe gida, akwai labarai biyu a Littafi Mai Tsarki da suka daɗe suna ja-in-ja a zuciyata. A Fitowa sura 16, Isra'ilawa suna cikin jeji, Allah yana sauko musu da manna kowace safiya, kowane mutum ya tara mudu guda, mudun da bai ma kai tiyarmu ba. Wanda ya ɓoye saura don gobe, sai ya tarar ya yi tsutsa yana wari. Ranar shida kaɗai aka yarda a tara na kwana biyu saboda ranar hutu. Haka suka rayu shekara 40. A Farawa sura 41 kuwa, Yusufu ya shawarci Fir'auna a tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a shekaru bakwai na ƙoshi, don shekaru bakwai na yunwa. Ɗaya ya hana ajiya, ɗaya ya umarci ajiya. To, mai rumbu a Arewa wanne zai bi?

Shekarar 2005 ce ta ba ni amsa. A 2004 ruwa ya tsaya da wuri, fara kuma ta sauka a sassan ƙasar nan. Kafin daminar 2005 ta tsakaita, buhun hatsi ya doshi jika 30 a wasu kasuwanni. Ina da 'yan buhuna da na saya da kaka lokacin yana da sauƙi. Abokan sana'a suka ce, "Kulle mangaza, ka jira watan Agusta, kuɗinka zai ninka." Akwai kuma dabarun da kowane ma'auni ya sani: a bubbuga gindin tiya ya shiga ciki, a share toron awo da gefen hannu, a bar tsakuwa da ƙaiƙayi su ƙara nauyi. Ba wanda zai kama ka, mai yunwa ba ya gardamar awo.

Wata safiya bayan mun karanta labarin Yusufu, uwar ɗakina ta dube ni ta ce, "Maigida, shi Yusufu da yunwa ta zo, kulle rumbunan ya yi ko buɗewa?" Nan take labaran biyu suka daidaita a kaina. Ba'isra'ilen da ya ɓoye manna tsoro ne ya sa shi, ya tara don kansa. Yusufu ya tara ne don mutane su rayu, da lokaci ya yi kuma ya buɗe. Allah bai hana rumbu ba, abin da yake tambaya shi ne, don wa aka cika shi? Na ci gaba da fitar da hatsi kowace ranar kasuwa, da tiya cikakkiya da riba kaɗan. Wasu na ba su bashi zuwa kaka. Kada a ɗauka sau ɗaya na yanke shawarar na huta. Duk safiyar da na ji farashi ya ƙara hawa, sai zuciya ta ce a kulle, sai an sake zama a gaban Maganar Allah, an sake roƙon ƙarfin wannan yini.

Ban yi arziki da wannan ba. Waɗanda suka jira Agusta wasu sun sayi shanu, wasu babur. Cikin masu bashina akwai waɗanda har yau ba su biya ba, na kuma yafe. Ina faɗar haka ne saboda wani irin wa'azi da ke shigo mana ta rediyo da wayar salula, mai cewa wanda ya ba da gaskiya ba zai yi talauci ko ciwo ba, wai ka ba da jika ɗaya Allah ya mayar maka da goma. Wannan ciniki ne, kuma yana karya zuciyar talaka, domin in abin bai zo ba sai ya ɗauka bangaskiyarsa ce ta gaza. Addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa a Matiyu sura 6 abincin yini guda ta roƙa, a surar kuma ya hana su ɗaukar damuwar gobe su ɗora kan ta yau. Abin da na samu a 2005 shi ne 'ya'yana sun ci, maƙwabtana sun ci, ina kuma iya duban kowa a ido cikin kasuwa.

Akwai abin da ya fi yunwa nauyi. Wani rani sanƙarau ya shigo, ya kama ɗanmu na biyu. Mun kai shi likita, ma'aikata sun yi iyakar ƙoƙarinsu, 'yan'uwa a majami'a sun yi azumi da addu'a, amma Allah ya karɓi abinsa. Kwanakin da suka biyo baya bakina ya kasa addu'a. Duk da haka da asuba sai in ga ƙafata ta kai ni inda muka saba zama, uwar ɗakina ta buɗe Zabura ta karanta, ni ina saurare kawai. A nan na gane amfanin abin da Baba ya dasa. Wanda ya saba zuwa gaban Allah kullum, ranar da ƙarfinsa ya ƙare sabon ne zai ɗauke shi ya kai shi. Ban sami amsar dalilin rasuwar yaron ba, amma na sami tabbacin cewa Almasihun da ya mutu ya tashi yana riƙe da shi, yana kuma riƙe da ni.

A wannan rashi, maƙwabtana Musulmi ne suka fara ɗaukar diga da shebur zuwa makabarta. Limamin unguwarmu ya zo ya zauna a tabarmata, ya ce, "Malam, sai haƙuri. Wanda ya ba ka shi ne ya karɓa." Mu Kiristoci 'yan kaɗan ne a Nijar, a Arewa kuma kusan kowane gidanmu yana da ɗan'uwa Musulmi, wani ma da kaka mai bin gargajiya. Shi ya sa a watan Janairu na 2015, da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, tsoro ya shige mu ƙwarai. Shugabannin ikilisiya a ƙasar sun fito sun ce sun yafe. Ni kuwa abin da ya rage mini shi ne in fassara wannan yafiya a ƙofar gidana: in gaida maƙwabci kamar yadda na saba, in aika da abincin Kirsimeti, in karɓi naman layya da godiya, in hana 'ya'yana ɗora laifin wasu a kan mutanen da suka haƙa kabarin ɗan'uwansu. Shaidar Kirista a ƙasa irin tamu yawancinta a gaisuwa da awo da biyan bashi take, mutane suna karanta halinmu tun kafin su tambayi littafinmu.

A 2023 ma, da aka sake rufe iyaka aka kuma yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, kaya suka yi tsada, na ga matasanmu sun rikice, kowa yana tambayar ina za a dosa. Da yawa suna shirin cin rani a Yamai ko Kwatano ko Abijan, wasu suna hangen zinariyar Jado. Ba na hana kowa tafiya, Hausawa ma sun ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Abin da nake gaya wa nawa da na 'yan'uwa in sun zo sallama shi ne: ku tafi da Littafinku, ko a takarda ko a waya. Ku tashi kafin aiki ku karanta ko aya biyar ce, ku tambayi kanku abin da take nema gare ku a wannan yini, wa za ku yafe wa, wane kuɗi ne ba naku ba, wace ƙarya ce za ku ƙi yi. Ku roƙi abin da zai ishe ku, ku yi aikinku da gaskiya ko ubangida ba ya gani, ku aiko wa iyaye tun kuɗin bai taru ba. In kun sami majami'a ku shiga, kada ku zauna ku kaɗai. In dare ya yi ku gode, ko ranar ta yi daɗi ko ba ta yi ba.

Wanda ya yi haka ba zai tsere wa fari ko ciwo ko rashi ba, mu ma ba mu tsere ba. Amma zai tarar alherin Allah yana isar yinin da yake ciki, gobe kuma in ta zo za ta tarar da nata. Ubangiji ya ba mu damina mai albarka, ya tsare hannuwanmu daga awon zalunci, ya zaunar da Arewa da Nijar lafiya, ya kuma same mu da aminci a ranar da zai kira mu. Amin.