Ƙofar Da Ba Ta Da Zaure

'Yar uwa, a da baƙon da ke neman gidanmu a Ƙofar Soro sai ya yi tambaya, ya yi sallama a zaure. Yau wayarki ma adireshi gare ta a intanet, da shi saƙo ke iske ta. Tsohon tsarin IPv4 adireshi wajen biliyan 4.3 ya ɗauka. Babban rumbunsa ya ƙare a 2011, shi ya sa ake komawa IPv6, wanda zai wadaci har firji da talabijin.

Ran nan na tarar 'yata tana hira da baƙo a waya, tana kwance kan gadona. Wallahi gabana ya faɗi. Kowace na'ura ƙofa ce, mu ne masu gadinta.

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.