Ranar da numfashi ya ƙwace wa ɗalibata

Saura sati biyu a yi jarrabawar BEPC, wata yarinya a ajina ta miƙe dafe da ƙirji. "Malam, mutuwa zan yi," in ji ta. Ƴan aji suka watse, suna cewa iska ce ta hau ta. Ni ma gabana ya faɗi.

Da na matsa, na ga kafaɗunta sun ɗage har kusa da kunnuwa, yatsunta sun ƙage, tana ta haki. Na zaunar da ita, na ce ta saki kafaɗu, ta shaƙa ta hanci, ta fitar sannu kamar mai hura kunu. Kafin minti 15 ta dawo hayyacinta.

A asibiti aka auna zuciyarta, lafiya lau. Likita ya ce ciwon firgici ne. Tsoro kan ɗaure naman wuya da na ƙirji, numfashi ya gajarce, ya yi sauri. Saurin nan ke fitar da iskar kabon dayoksaid fiye da kima, sai jiri ya zo, yatsu su yi kamar ana soka musu allura. Mutum ya ji haka, tsoronsa ya ƙaru.

Uwaye da malamai, in haka ta faru, kada a taru a kan yaro, kada a yi masa tsawa. A yi addu'a, a kuma kai shi asibiti, don asma da ciwon zuciya ma kan zo da irin wannan kama.

Yarinyar ta zauna jarrabawarta. Na hango ta a bakin ƙofa tana hura kununta.