Inda Dogo Ya Ƙare

Ranar Asabar Kaka ya ce in raka shi tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta garinmu, Ƙauran Namoda. Ni dai a da wurin kiwon awaki na ɗauke ta. Da muka isa, ya nuna mini inda dogo ya ƙare, ya ce, "Abokina, daga nan jirgi ba ya gaba."

Turawa ne suka jawo layin daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya iso nan a 1929. Gyaɗa da auduga ake kwasa zuwa Legas. Kaka ya yi dako a tashar yana saurayi. Ya ce kuɗin dakon gyaɗa ne ya biya sadakin kakata, kuma da kukan jirgi suke sanin lokaci.

Yanzu ciyawa ta rufe dogo. Mun ga gurbin da aka kwance ƙarfe aka tafi da shi. Kaka ya yi shiru, ya daɗe yana kallo.

Ban taɓa shiga jirgi ba. 'Yan'uwana ɗalibai, mu tambayi tsofaffinmu tun suna raye, mu rubuta. Malamanmu, don Allah a kai mu tashar kafin a kwashe sauran.